Hoton Ƙofar Shagon Baffa

Mahaifina manomi ne a Kwaja, kuma duk abin da yake zuba wa gonarsa a shago ɗaya yake saye cikin garin Mubi. Mai shagon wani Bafulatani ne dogo, mai sayar da taki da iri da maganin feshi. Tun ina ƙarama nake ce masa Baffa, shi kuma yana ce mini 'yata. Mu Kiristoci ne, shi Musulmi, amma ban taɓa ganin wani abu ya shiga tsakaninsa da Baba ba sai tsokana. Baba, da Hausarsa irin ta tsofaffinmu wadda ba ta raba mace da namiji, zai ce masa, "Takinka rabi yashi ne, matarka ma ya sani." Baffa ya ce ai gonar ce duwatsu zalla, ko zinari aka zuba mata ba abin da za ta haifa. Su yi ta yi har rana ta take, sannan Baba ya ɗaure buhunsa a bayan babur ya kama hanya.

Ni malamar firamare ce, kuma ni ce mai babbar waya a gidanmu. An san ni da saurin fushi. Yara a aji suna tsorona, mazan unguwa suna cewa bakina ne ya hana ni aure da wuri, ni kuwa nakan ce nasu bakin ne ya hana su arziki. Na faɗi wannan ne don a gane ni ba mai saurin yarda ba ce. Mai tumatir bai taɓa cusa mini ruɓaɓɓe a ƙasan kwano na tafi ban juye shi a gabansa ba.

Da fitina ta yi yawa a yankinmu, zuwa gari ya zama aiki. Ba ma kiran sunan masu yin ta, mukan ce mutanen nan, kowa ya gane. Aka hana babura shiga gari, aka kafa shingaye, yau a ce dokar hana fita, gobe a ce an sassauta. Manomi zai taso daga Kwaja ko Duvu da ƙafa tun da sanyin safiya, ya iso ya tarar da kasuwa a kulle, ya juya da yunwarsa. Baba ya yi irin wannan tafiyar banza har ya gaji. Ya faɗa wa Baffa cewa in aka sake, takin ma ya haƙura, kashin awaki ya ishe shi.

A bakin kasuwa akwai wani mai rumfar cajin waya, magidanci mai yawan surutu. Shi ya ba Baffa shawara ya sayi babbar waya ta shago. Shi ya buɗe masa shafi a dandalin nan da ake sa hotuna, shi ya zaɓi kalmar sirrin, shi ya shigar da ita. Baffa bai tambaye shi mece ce ba, shi ma bai faɗa ba. Haka ya yi wa rabin 'yan kasuwar, kuma ba wanda ya ga aibu a ciki, don ko yaushe ka taɓa wayar shafin a buɗe yake, ba ta tambayarka komai. Ko makulli ba a sa wa fuskarta ba, saboda Baffa ya ce shi ba zai iya zanen nan da ake yi da yatsa ba, girma ya kama shi. Wayar a shago take kwana, cikin durowar tebur. Ƙaramarsa mai tocila ita ce ta aljihu.

Abu ɗaya Baffa ya koya, ya kuwa riƙe shi kamar sallarsa. Kowace safiya in ya share ƙofar shago ya jera buhuna a kan benci, sai ya tsallaka titi ya ɗauki hoton ƙofar a buɗe, ya sa a shafin, ya rubuta: Mun buɗe. Shi ke nan. Hotunan a karkace suke, wani lokaci babban yatsansa ya cinye rabin shagon. Na sha yi masa dariya a kan haka, ya ce ai ba ƙofar zai aurar ba.

Da farko abin na masu sayen taki ne. In duba da safe, in ce wa Baba an buɗe, ya ɗauki sandarsa. Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai fara lura mata suna tsayar da ni a hanyar makaranta suna cewa, "Malama, Baffa ya buɗe?" alhali ba su da gona ko ta kuɓewa. Wata asibiti za ta kai yaro, wata gishiri da manja za ta sayo, wata ɗanta ne ke makaranta a gari. Rediyo takan faɗi abin da ya faru jiya, jita-jita takan faɗi abin da bai faru ba, amma hoton Baffa na safiyar nan ne. In ya buɗe, gari lafiya. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi bai fito ba, ranar ko mutum ɗaya daga unguwarmu bai sauka ba. Da aka ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe ya zama gwamna bai sani ba.

Mamata tana da ciwon suga. Maganinta yakan yanke a Mubi, saboda haka direban da ke kawo wa Baffa kaya daga Yola shi ke taho mana da shi. Kira a Kwaja sai an yi sa'a, amma saƙo yana tafiya ko da jinkiri, don haka a akwatin saƙon shafin nake yi wa Baffa magana. Can na rubuta sunan maganin, can nake cewa ya kusa ƙarewa, can nake cewa Baba zai sauko bayan sujadar coci ko bayan an gama cire gyaɗa. Ban ɓoye komai ba, da Baffana nake magana. Amsarsa ba ta wuce "To" ko "Yana nan." Saƙonsa na ƙarshe da na tabbata nasa ne ya ce: Maganin Mama ya iso, yana durowa. Baba ya ce bari ya kwashe gyaɗar da ke shanya, jibi ya je.

Kafin jibin gari ya faɗa hannun mutanen nan.

Mun ji ƙarar daga nesa tun da hantsi. Can sai ga mutane suna haurowa, wasu ba takalmi, wata mata da tukunya a kai da tuwon a ciki. Ba wanda ya tsaya ba da labari. Muka kwashi abin da hannu ya kai, muka tsallaka mayo, wato rafinmu, ruwan bai kai gwiwa ba, muka hau duwatsu ta wajen iyaka. Ban yi kuka ba. Abin da nake tunawa shi ne na yi ta jin haushin kaina don na bar rajistar aji a buɗe kan tebur, akuya za ta ci.

A kan dutsen mun yi yawa. Kirista da Musulmi, 'yan ƙauye da 'yan gari, kowa ya sami inuwarsa ya zauna. Akwai wani falalen dutse da in ka hau ka ɗaga hannu sabis ɗin Kamaru yana kamawa, ni kuma ina da layinsu kamar yawancin mutanen iyaka. Wani mutum ya hauro da batirin babur, a jikinsa muke ɗan ɗiban caji bi da bi. Na kira ƙaramar wayar Baffa har na gaji, ba ta shiga. Na duba shafin, hoton ƙarshe na safiyar da aka gudu ne. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo baya.

Maganin Mama ya ƙare. Ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ƙafafunta suka kumbura, in ta miƙe sai ta ce duniya tana juyawa. Abincin da muke da shi masara ce da dankali, su ne kuwa aka hana ta. Baba yakan zauna kusa da ita yana kore mata ƙuda da hularsa. Masu zuwa daga ƙasa suna kawo magana iri-iri. Wasu su ce mutanen nan sun yi shela kowa ya dawo ya buɗe shagonsa, ba abin da za a yi masa. Wasu su ce ƙarya ne. Ni na ce ƙarya ne, da ƙarfi ma na faɗa, har na yi faɗa da wata mata a kan haka.

Wata safiya na hau falalen dutsen, shafin ya daɗe yana juyi, sannan hoto ya buɗe. Ƙofar shagon Baffa ce a wangale, an share gabanta, buhuna a jere kan benci, hasken safiya a jikin bango. A ƙasa an rubuta: Mun buɗe.

Ban yarda nan take ba, wannan kam zan iya faɗa. Na shiga akwatin saƙo na rubuta: Baffa, kai ne? Lafiya kuwa? Na zauna ina jira, rana tana dukan ƙeyata. Amsa ta zo: Lafiya lau 'yata. Maganin Mama yana durowa. Baba ya zo ya karɓa.

Ya ce 'yata, ya ce durowa, ya san maganin. Wa ya san waɗannan in ba Baffa ba? Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa duk a rubuce suke a sama, cikin hirarmu ta watanni, kuma duk wanda ya riƙe wayar yatsa kawai zai ja ya karanta. Ni da nake koya wa yara karatu.

Na sauko na karanta wa Baba, na nuna masa hoton. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yadda yake yi, ya daɗe yana kallo.

"Bencinsa ne," ya ce.

"Baba, a bari mu ga gobe ko zai sake sawa."

Ya juya ya dubi Mama, tana kwance kan zani bakinta a bushe. "Gobe ta wa?" ya ce. "Mutumin nan bai taɓa cewa in zo na tarar ba ya nan ba."

Na ce to ni zan je. Ya ce mace mai shekaruna ba ta shiga garin nan yanzu, shi kuwa tsoho ne, wa zai kula da tsoho. Wani maƙwabcinmu Musulmi da ke jin mu ya cire hularsa ya miƙa masa, ya ce ya sa don a ɗauke shi Musulmi, a bar tasa mai malafa. Hular ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakar kansa. Baba ya yi dariya ya ce in Baffa ya gan shi haka ya shiga uku da tsokana har Kirsimeti. Ya ɗauki sandarsa da leda, ya ce zai duba ko akwai gishiri. Ya ce mu ajiye masa rabonsa na abincin rana. Na bi shi da ido yana sauka tsakanin duwatsu har hular ta ɓace.

Mun ajiye masa rabonsa, na rufe da ganye. Da la'asar na hau dutsen na rubuta: Baffa, ya iso? Ƙaramar alamar nan da ke nuna an karanta saƙo ta fito nan da nan. Na jira. Ba a rubuto komai ba. Cajina ya ƙare ina zaune.

Washegari da na sami caji na koma. A ƙarƙashin hoton wani da ban sani ba ya rubuta: Wannan ba mai shagon ba ne. Mai shagon yana Yola, wayar a shago ya baro ta. Kada kowa ya je. An rubuta shi ne jiya da azahar, lokacin Baba ya riga ya yi nisa.

Na karanta, na sake karantawa. Akwai tururuwa tana hawa ƙafata, na zuba mata ido har ta kai idon sawu ta juya. Ban ji komai ba. Na jira in ji gabana ya faɗi ko jikina ya ɗauki rawa, shiru. Matar da ke bayana a layi ta ce in na gama in ba ta wuri, na ba ta. Na sauko na faɗa wa Mama da muryar da nake kiran sunayen yara a aji. Ta ce in ba ta ruwa, na ba ta. Abincin da muka ajiye, wani tsoho ya roƙa da yamma, na miƙa masa.

Bayan 'yan kwanaki maza suka ɗauki Mama a kan ƙyauren da suka samo, muka tsallaka cikin Kamaru. A wani ƙaramin asibiti nas ta tambayi sunan maganin, na faɗa, ta sunkuya ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Cike yake. Tafiyar daga inda muke zaune ba ta kai ta Mubi nisa ba. Mama ta warware, tana nan da ranta har yau.

Da sojoji suka karɓe garin muka dawo. Na nemi Baba a duk inda ake neman mutum. Na je asibiti, na je wurin waɗanda suka yi aikin binne gawarwaki, na bi hanyar garin Uba ina tambayar masu shayi, don an ce an ga an bi da wasu ta can. Wani ya ce ya ga tsoho da ƙaramar hula a wajen gada, wani ya ce a'a, wancan gurgu ne. Ba mu sami gawa ba, ba mu sami sandar ba. Fasto ya ce a yi masa sujadar jana'iza, Mama ta ce a dakata. Har yau ba a yi ba.

Sai da na gama zagayen nan duka na je shagon. Na tafi da niyyar faɗa. Tun a hanya na jera maganganun da zan gaya wa Baffa, masu zafi, irin waɗanda na iya. Na tarar da shi zaune a ƙasa a bakin ƙofa, don bencin babu. Cikin shagon wayam, teburin ma an ɗauke da durowarsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Da ya gan ni ya yunƙura zai miƙe, ya kasa.

"'Yata," ya ce. "An gaya mini."

Na nemi fushina na rasa. Na zauna a gefensa, a ƙasa, cikin kayan makaranta.

Shi ya yi ta magana, ni ina kallon titi. Ya ce ranar gudu yana masallaci yana sallar walha aka fara, bai koma shago ba, da ƙaramar wayar aljihunsa ya bi jeji, ita ma ta faɗa ruwa a hanya. Ya ce a tashar mota a Yola wani direba ya nuna masa hoton yana yi masa murna wai ya koma gida. Ya ce a shiga shafin a goge. Aka ce ya kawo kalmar sirri. Ya ce wace kalma? Aka ce to lambar da aka buɗe shafin da ita. Lambar mai caji ce, mai cajin kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. Ya tsaya a tsakiyar tasha, ga shagonsa a hannun direba, ga sunansa a sama, wani yana magana da bakinsa, shi kuma ba shi da ta cewa. Abin da ya iya kawai ya roƙi direban ya rubuta gargaɗin nan a ƙasa.

"Wallahi ko makullin ban-ɗakina ban taɓa ba wani ya riƙe mini ba," ya ce. "Wannan ban san makulli ba ne."

Na tambaye shi me za su yi da tsoho. Ya ce bai sani ba. Wasu sun ce so suke gari ya cika don a ce ana zaune lafiya. Wasu sun ce masu ɗaukar kaya suke nema. Wasu sun ce ƙila ma ba mutanen nan ba ne, wani ɓarawo ne ya tsinci waya yana wasa. Ni ban zaɓi ko ɗaya ba. Ba Baba kaɗai ya sauko saboda hoton ba, daga baya na ji akwai wasu daga Duvu. Wasu sun koma gida, wasu ba su koma ba.

Baffa ya sake buɗe shagon a hankali, da buhu kaɗan. Bai sake sayen babbar waya ba. Manoma sukan taso su tarar ba ya nan su juya, ba wanda ke ƙorafi. Ni na karɓi gonar, ni nake zuwa sayen taki. Ba ma tsokana. Ya auna, in ɗauka, ya ce a gai da Mama.

Matan zumuntarmu ta coci da yawa yanzu ta waya suke sayar da sabulu da man gyaɗa da atamfa. In na ga wata ta miƙa wa mai rumfa waya tana cewa ya buɗe mata shafi, nakan karɓe wayar, ba na neman izini. In zaunar da ita ta buɗe da hannunta, da lambarta, ta zaɓi kalmar da ita kaɗai ta sani, ta sa wa fuskar wayar makulli. Nakan ce musu su riƙa goge hirar da ta gama aikinta, kuma duk saƙon da ya ce wani ya taso ya zo, ko daga uwar da ta haife su ne, su kira sai sun ji murya. Suna cewa Malama ta cika tsanani. Ba na ba su labarin, yawancinsu sun sani.

Shafin kuwa yana nan, ba mai iya taɓa shi. Hoton ƙarshe shi ne na safiyar nan. Lokaci-lokaci wani baƙo da bai san komai ba yakan rubuta a ƙasa yana tambayar farashin taki. Ni ma nakan shiga, ba don komai ba, kamar yadda harshe ke komawa wurin haƙorin da ya fita. In buɗe akwatin saƙo in ga tambayata a can ƙasa, da alamar an karanta. Sannan in rufe in ci gaba da duba littattafan yara.

Sai da aka shekara biyu ko fiye mai cajin ya dawo Mubi, ya kafa rumfa a wani gefen kasuwa. Baffa ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi tunda ni ce mai karatu. Muka je da hantsi, ranar kasuwa, ana ta hayaniya. Mutumin ya yi ƙiba. Ya tarbe mu da fara'a, ya ce ai wannan ba matsala, kalma ɗaya ya sa wa kowa don kada ya manta. Ya ɗauki wata waya ta rumfar, ya danna, shafin ya buɗe. Wanda ya riƙe wayar Baffa ko sauya kalmar bai damu ya yi ba. Na dubi mutumin. A da da na wanke shi tas a gaban abokan cinikinsa. Na dai karɓi wayar daga hannunsa, muka koma gefe muka zauna kan wani benci.

"Ki goge duka," Baffa ya ce. "Har sunan."

Na ce to. Amma kafin in nemo wurin gogewa, hannuna ya shiga akwatin saƙo. Ban taɓa ganin hirar daga wannan ɓangaren ba. Maganganuna suna hagu, nasa suna dama, kamar na shiga gidanmu ta ƙofar baya.

"Me kike kallo?" ya ce.

"Saƙona ne na ƙarshe."

"Karanta mini."

Na karanta masa daga inda na ce kai ne, lafiya kuwa. Na karanta amsar da aka ba ni da sunansa. Ya runtse ido. Na karanta na ƙarshen: Baffa, ya iso?

"Me aka ce miki?"

"Ba a ce komai ba."

Wani mai baro ya ce mu janye ƙafa, muka janye. Mai cajin yana can yana ciniki da wata mata a kan batir.

"Ana iya rubutawa har yanzu?" Baffa ya ce.

Na ce ana iya.

"To rubuta." Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa kamar mai ba da shaida. "Ki ce, 'yata, ba ni ba ne. Ba na nan. Ki ce wa babanki kada ya sauko."

Na rubuta yadda ya faɗa, ban sauya ko kalma ɗaya ba. Na nuna masa, ko da yake ba ya gani sosai. Ya gyaɗa kai, na tura.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Mu duka mun ji. Ban ciro ta ba.